Zomon da Na Hana a Yanka

Zomon ya shigo gidanmu ne a matsayin nama. Wani tsohon ɗalibin maigidana, manomi daga Kaikai, shi ya kawo shi cikin buhu, ya ce a yi wa Malam farfesu ko bakinshi ya washe. Lokacin Malam bai fi wata biyu da dawowa daga asibiti ba. Hawan jini ne ya kayar da shi a ƙofar makarantar Islamiyyar da ya daɗe yana koyarwa a nan Kusada. Ya tashi da ɓarin jikinshi na dama a shanye, harshe ya yi nauyi. Mutumin da ke karantarwa tun daga hantsi har la'asar ya koma kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito.

Na kwance bakin buhun a tsakar gida don in ga ko abin zai cika tukunya. Zomon ya fito, toka-toka ne, kunne ɗaya a miƙe ɗaya a kwance. Ya yi tsalle biyu ya shige ƙarƙashin kujerar Malam. Malam ya sauke hannun hagu, mai lafiyar, ya shafa bayanshi.

Na ce, "Bari in aika a kira mai yankawa."

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "A'a."

Shi ke nan zomo ya zama ɗan gida. Ba mu raɗa mashi suna ba, kowa zomon Malam yake cewa. Da dare yana kwana cikin tsohon akurkin kaji, da rana yana gindin kujera. 'Ya'yanmu duk sun yi aure sun watse, ni kuma na bar koyarwa a firamare saboda jinya, don haka mu uku ne a gidan.

Ciwon Malam ya taɓa mashi haɗiya. Ruwa ma yakan ƙware shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta koya mani yadda zan ba shi abinci: a zaunar da shi tsaf, a yi kunu da kauri, cokali kaɗan-kaɗan, kada a yi mashi magana yana haɗiya. Abincinshi duk ya koma mai laushi, daga fate sai dafaffen dankali, sai ayaba, sai burodi da aka jiƙa a shayi. Kuma ba ya cin komai sai ya rage wa zomon. Yakan gutsura da hannun hagu ya sauke, zomon ya miƙe a ƙafafun baya ya karɓa. Mutumin da gidanshi ba ya rabuwa da baƙi, wanda ya saba miƙa wa mutane, yanzu shi ake miƙa wa komai. Wannan 'yar kyautar ita kaɗai ta rage a hannunshi, kuma ni ina jin daɗin ganinta. Da farko nakan tsinko wa zomon ciyawa da yaɗiya a bayan gida. Da rani ya shigo, jinya ta sha mani kai, sai na koma dama mashi dusa da ruwa. Muka yi fiye da shekara a haka.

Ranar da zomon ya fara ƙwarewa da hantsi ne, cikin bazara. Ina wanke-wanke a bakin rijiya na ji Malam yana buga sandarshi a ƙafar kujera, bugu mai sauri, ba irin wanda yake yi in yana son ruwa ba. Na yar da kwano na rugo, na ɗauka shi ne ya ƙware. Sai na tarar yana nuna ƙasa. Zomon ya miƙe wuya, ya ɗaga hanci sama, baki a buɗe, yana kartar fuskarshi da ƙafafun gaba. Kumfa haɗe da dusa tana fitowa ta hancinshi. Ba tari, ba kuka, sai wani ɗan gurnani can cikin maƙogwaro.

Ban san abin da ake yi wa zomo ba, na mutum na sani. Na ɗauke shi na kwantar a kan damtsena, kanshi ya ɗan yi ƙasa, na tallafe bayanshi don kada ya fizge. Na share mashi hanci da gefen zane, na riƙa bubbuga tsakanin kafaɗunshi a hankali. Ya yi wata irin atishawa, wani curin dusa ya faɗo. Ya lafe a jikina, zuciyarshi tana bugawa a tafin hannuna. Da na dubi Malam na ga hawaye yana bin ɓarin fuskar da ya shanye.

Na ce, "Haɗama ce kawai, Malam. Ya wuce."

Na yarda da maganata. Na riƙa tankaɗe dusar, na ƙara mata ruwa, na rage yawanta.

Bayan kamar sati biyu abin ya dawo, kuma ranar Juma'a ce, Yaya yana gidan. Yaya wan Malam ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana noma da kiwo a ƙauyen Ƙofa. Tun da ƙaninshi ya kwanta bai taɓa fashin zuwa duba shi bayan sallar Juma'a ba, kuma hatsin da muke ci daga rumbunshi yake fitowa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauke shi mugu. Mutum ne da ya san dabba tun yana ƙarami, kuma ya san abin da ake yi mata in ta kama hanya.

Wannan karon ayaba ce ta ƙware zomon. Ina durƙushe ina share mashi hanci sai na ga inuwar Yaya a kaina. Ya riga ya zaro 'yar wuƙar da ba ya rabuwa da ita.

Ya ce, "Miƙo shi nan, Malama, tun da sauran numfashi."

Na ce, "Ku dakata, Yaya."

"Dakatawar mi? In ya cika a hannunki mushe ne. Dabbar da ake ci, in ta zo nan, wuƙa ce gatanta."

"Bai zo nan ba. Ƙwarewa ya yi."

"To ai ita ke kashewa."

Na ce, "Malam ma yana ƙwarewa."

Ban shirya faɗin haka ba, fitowa ta yi. A shekarun da na yi a gidan nan ban taɓa mayar wa Yaya magana ba, ko ido ba na haɗawa da shi. Ban ɗago ba, na ci gaba da bubbuga bayan zomon har ya samu numfashi. Da na miƙe, Yaya ya riga ya mayar da wuƙarshi kube.

Ya ce, "Kin haɗa ɗan uwana da zomo."

Na ce, "Ban haɗa su ba. Cewa na yi ƙwarewa tana da dalili. Ta Malam an gaya mani dalilinta, shi ya sa yake nan zaune. Ta wannan ban sani ba tukuna."

Ya yi sallama da ƙaninshi kaɗai ya fita.

Daga ranar na shiga nema. Na je wurin wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa na yi mashi bayani. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ce mura ce, tunda abu yana fita ta hanci. Ya ƙulla mani wani garin magani ruwan ɗorawa, irin wanda ake zuba wa kaji a ruwa. Kwana biyu ina ba zomon, ya daina cin abinci, kashinshi ya yi ruwa. Na zubar da sauran a masai. Maƙwabciyata Inna, wata dattijuwa mai kirki da katanga ce kawai ta raba mu, ta ce baki ne, mutane sun cika zancen zomon Malam, in yi mashi turare. Na ce, "Inna, wane irin baki ne ba ya kama shi sai yana tsakiyar cin abinci?" Ta yi dariya ta ce boko ya ɓata ni.

Ya sake ƙwarewa karo na uku, kuma wannan ya fi na baya muni. Harshenshi sai da ya canza launi. Bayan ya farfaɗo ya wuni a laɓe cikin akurki, Malam kuma ya wuni yana kallon bakin akurkin, ko rediyo bai yarda na kunna mashi ba.

Sai na tuna da yadda ma'aikaciyar jinyar nan ta yi da Malam. Ba ta tambaye ni komai ba da farko. Kujera ta jawo ta zauna, ta ce in ba shi kunu tana kallo. Ni ma haka na yi. Na shimfiɗa tabarma a ƙasa, na kwanta a kan gwiwar hannu, mace mai jikoki, ina kallon bakin zomo. Safiya uku na yi ina wannan.

Abin da na gani ya ba ni kunya, domin ya daɗe a gabana. In ya ɗauki abinci sai ya karkatar da kai gefe ɗaya. Gashin haɓarshi a jiƙe yake kullum, har ya fara zubewa, ni kuma na ɗauka wurin shan ruwa yake jiƙa shi. Kashinshi ya ƙanƙance. Da na shafa bayanshi da niyyar ji, ba da niyyar lallashi ba, sai na ji ƙashi. Na roƙi tsinken harawa ɗaya daga garken awakin Inna na ajiye mashi. Ya ɗauka da marmari, ya jujjuya a baki, sai ya tofar da shi a dunƙule, jiƙe da miyau. Ya sake ɗauka, ya sake tofarwa. Na ba shi ayaba, sai na ga ba ya tauna ta sam, dannawa yake da harshe ya haɗiye. Na ɗaga leɓenshi na duba haƙoran gaba, lafiyarsu lau. Amma da na danna kumatunshi na hagu, ya zabura ya karce ni a hannu.

Na ce wa Malam, "Ba haɗama ba ce. Wani abu na cikin bakinshi da ke hana shi tauna. Zan kai shi Kankiya."

Na ji ana cewa akwai wani likitan dabbobi a Kankiya mai ɗan shagonshi, wanda masu kiwon raguna ke yabo. Na shirya da Inna za ta zauna da Malam, na nuna mata kaurin kunun da yadda ake riƙe cokali. Ban san wanda ya kai wa Yaya labari ba. Da sassafen ranar tafiya, ina huda kwali da wuƙar girki don iska ta shiga, sai ga shi a kan mashin, ba ma ranar zuwanshi ba.

Bai zauna ba. Ya ce, "Abin da na ji gaskiya ne? Za ki bar majinyaci ki kai zomo asibiti?"

Na ce, "Gaskiya ne. Kafin la'asar na dawo, in Allah ya so."

"Mutane na neman abin da za su kai 'ya'yansu asibiti, ke kina yawo da zomo a kwali. Kin san abin da za a ce a gari?"

"Za a ce matar Malam ta zare. An riga an fara faɗa."

"In kewa ce ke damunshi, gobe in kawo mashi zomaye biyu, lafiyayyu."

Na ce, "Yaya, ku tambaye shi."

Na juya wurin Malam, na durƙusa gabanshi yadda zai ga fuskata. Na ce, "Malam, in tafi ko in zauna? Abin da ka ce shi zan yi."

Ya daɗe yana motsa baki. Yaya ya san dokar gidan, ba a katse Malam in yana kokawa da kalma. Daga ƙarshe ya ce, "Je ki." Ya huta, ya ƙara da, "Maza."

Yaya ya girgiza kai. Ya ce shi dai ya faɗi tashi. Amma bai tafi ba. Da na fita na bar shi yana jawo tabarma kusa da kujerar ƙaninshi.

A motar Kankiya na ɗora kwalin a cinya, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma saboda zafi. Na tarar da shagon likitan cike. Wani ya kawo rago mai kumburin wuya, wasu Fulani biyu suna jiran ya bi su ruga, wata mata da kwandon kaji. Na samu benci na zauna. Mai ragon ya leƙa kwalin ya ce, "Hajiya, kasuwa ai tana can gaba." Na ce ba sayarwa na zo ba, layi nake bi. Aka yi dariya. Wani ya ce duniya ta zo ƙarshe, zomo na bin layi da rago. Na ce, "Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Wanda ya riga zuwa shi za a fara gani." Daga nan suka ƙyale ni.

Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, ba mai yawan magana ba. Na zata shi ma zai yi murmushi, bai yi ba. Na gaya mashi komai daga farko: sau uku, yadda yake miƙe wuya, karkatar da kai, jiƙewar haɓa, harawar da yake tofarwa, kumatun hagu. Na gaya mashi garin maganin da na ba shi. Nan ne kawai ya ɓata fuska, ya ce in gode Allah da na daina, akwai magungunan da kaji ke sha lafiya amma su kashe zomo ta ciki.

Ya ce, "Hajiya, kin yi mani rabin aikin. Amma zan gaya maki gaskiya, aikina shanu ne da awaki. Rabona da duba bakin zomo tun ina makaranta."

Na ce, "To ku duba, likita. Abin da kuka gani ku faɗa mani."

Ya sa na naɗe zomon da tawul, kai kawai a waje. Ya saurari ƙirjinshi ya daɗe. Sannan ya ɗauko wani abu mai 'yar fitila da siririn baki, ya ce abin leƙa kunne ne, amma zai yi aikin. Ya zura ta gefen baki, inda babu haƙori, ya leƙa dama, ya leƙa hagu. Sai ya ce in zo in sa ido.

Can ciki, inda ba yadda za a yi in gani da idona a gida, akwai jerin haƙoran tauna. Na hagu na ƙasa sun yi tsini sun karkato ciki, ɗaya ya yi kamar ƙayar aduwa. A gefen harshen, daidai inda tsinin ke gogawa, akwai gyambo ja.

Ya ce, "Haƙorin zomo ba ya daina tsiro har ya mutu. Ciyawa ce ke cinye shi, kamar yadda niƙa ke cinye dutse. In bai samu abin da zai wuni yana niƙawa ba, haƙorin ya yi ta tsawo har ya yi kaifi. In ya yi kaifi, tauna ta zama azaba, sai ya riƙa haɗiye abinci a dunƙule. Ga ƙwarewarki nan. Mi yake ci a gida?"

Na fara lissafawa. Dusa da ruwa, dankali, ayaba, fate, burodi a shayi. Kafin in kai ƙarshe muryata ta yi ƙasa, domin na ji amsar da kunnena.

Na ce, "Ashe mu ne."

Ya ce, "Ba zan rantse ba. Wani zomon da karkataccen haƙori ake haifarshi. Amma abincin nan, ko bai fara ciwon ba, ya ƙarasa shi."

Ya ce magani ɗaya ne, a goge tsinin, kuma sai an yi mashi allurar barci. Zomo ba ya jure allurar barci kamar akuya, ga shi ya rame, ga ɗan ƙara a ƙirjinshi na abin da ya shaƙa lokacin ƙwarewa. Mai yiwuwa ya kwanta bai tashi ba. Ya ce in yi tunani.

Na tuna Malam yana kallon bakin akurki. In na koma da kwali babu motsi a ciki, ni na kai shi, kuma Yaya yana zaune a tsakar gida. In na koma da shi haka, ƙwarewa ta huɗu ko ta biyar za ta ɗauke shi a gaban Malam. Na ce, "Ku yi. In ma tafiya ce, gara ya tafi ana nema mashi lafiya."

Ya sallami waɗanda suka zo bayana, ya roƙi Fulanin su ƙara haƙuri. Ya auna zomon a sikeli, ya kira wani abokin karatunshi a waya ya tabbatar da yawan allurar. Wannan ya ƙara mani yarda da shi. Da zomon ya saki jiki, ni na riƙe fitilar waya, shi kuma ya buɗe bakin da wani ɗan ƙarfe ya shiga gogewa da siririn magagari. Ya ce in jingina gwiwar hannu a tebur don hasken ya tsaya wuri ɗaya. Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai an kira azahar muna ciki.

Bayan an gama na rungume shi cikin hijabina don ya ji ɗumi. Na daɗe ina kallon cikinshi yana ɗagawa yana sauka. Sai kunnen nan mai miƙewa ya motsa. Likitan ya yi mashi wata allurar saboda ƙirjin, ya ba ni maganin ciwo na ɗigawa a baki, ya ce kwana uku in ba shi ɗanyen ganye mai taushi, daga nan ciyawa da harawa, su zama su ne abincinshi. Dusa 'yar kaɗan. Burodi da fate da dankali kuwa, ko kusa.

Na iso gida la'asar ta ɗan gota. Yaya yana nan. Na buɗe kwalin a gaban kujera, zomon ya fito yana tangaɗi ya kwanta a ƙafar Malam. Na yi masu bayanin haƙorin. Yaya ya saurara, ya ce tsofaffin dawaki ma suna yin irin haka, bai taɓa kawowa zomo zai yi ba. Iyakar abin da ya ce ke nan, ya hau mashin.

Mai wuyar ita ce gaya wa Malam sauran. Na jira har ya gama cin abincin yamma, ya rage loma ya sauke hannu kamar kullum. Na riƙe hannun. Na ce, "Malam, wannan ne ke cutar da shi. Laifina ne da na daina yanko ciyawa, amma daga yau ba za ka ƙara ba shi abincinka ba."

Ya dube ni, ya fizge hannunshi, ya juya fuska bango. Washegari ya ƙi karɓar kunu daga hannuna sai da Inna ta shigo ta ba shi.

Na tsaya wa Yaya, na tsaya wa 'yan layi a Kankiya, amma ban taɓa zaton zan tsaya wa Malam ba. Kuma shi da zomon suka haɗe mani kai. Zomon ya warke daga ciwon harshe, amma ya saba da daɗi. In na zuba harawa ya shinshina ya koma gindin kujera ya miƙe a ƙafafun baya yana roƙo. Rana ta biyar na kama Malam yana zaro guntun ayaba daga aljihun rigarshi, ta dame ta ɓata aljihun. Na miƙa hannu. Ya ƙi. Na bar hannun a miƙe.

Na ce, "Kai ka ce in tafi. Na tafi, na riƙe fitila ana goge mashi haƙori. Ba zan koma in sake riƙe ta ba saboda ayaba."

Ya ba ni. Na ɗauko tsinken harawa mai ganye na sa mashi a hannun. Na ce, "Wannan ka ba shi. Daga hannuna ba ya karɓa, ƙila daga naka." Ya riƙe shi kamar an ba shi abin banza. Zomon ya zo, ya shinshina, ya tafi. Ya dawo. Ya kama ƙarshen tsinken ya ja, Malam ya riƙe, ya sake ja. Sai muka ji ƙaras-ƙaras, ƙarar da na manta rabon da in ji ta a gidan. Tsinken ya riƙa shigewa bakinshi har ya ƙare. Malam ya buɗe tafin hannu yana neman wani.

Harawar Inna ta awakinta ce, ba zan ƙarar mata ba. Da Juma'a ta zagayo na gaishe da Yaya, na ce ina da roƙo.

"Dami ɗaya na harawar wake."

Ya ce, "Harawar da na tara wa shanuna?"

"Ita."

"Ni fa har yanzu ban ga hikimar wannan wahala ba, Malama."

Na ce, "Ban ce ku gani ba, Yaya. Dami na roƙa."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Kwana biyu bayan nan amalanke ya tsaya a ƙofar gida da dami uku, biyu na wake, ɗaya na gyaɗa.

Ba zan ce komai ya koma daidai ba. Bayan wasu watanni na ga haɓar ta fara jiƙewa, ban jira ƙwarewa ba, na ɗauki kwali na koma Kankiya. Likitan ya ce haƙorin da ya riga ya karkace haka zai riƙa yi, sai dai ciyawa ta jinkirta shi. Ya sake gogewa, zomon ya sake tashi. Tun daga gyaran farko sau ɗaya ya ƙara ƙwarewa, ranar da wata jikarmu ta zubar da gyaɗa a ƙasa ya rigaye ni. Ita ma da sauƙi ta zo.

Da damina ta faɗi na sayi lauje. Da safe, in na gama ba Malam kunu na gyara mashi zama, nakan bi hanyar ƙauyen Boko zuwa inda gonaki suka fara. Na koyi rarrabe ciyayi, harkiya da burburwa da kyasuwa, na san wadda yake so tana ɗanya da wadda sai ta yi yaushi. Ba na yanka kusa da gonar da aka yi wa feshi. Masu wucewa a kan mashin sukan rage gudu su gaishe ni, wasu su ce matar malami guda da lauje, a bari su aiko mani. Nakan gode masu in ce ba su san irin da nake nema ba. In na cika buhu sai in ɗora a ka in juyo gida, zanena jiƙe da raɓa har gwiwa.